Rijiya a Ƙarƙashin Lilo

Anti mai shawara, don Allah ki taimake ni. Abin da na gani ranar Talata da safe ya hana ni sakat. An kwana ana ruwa. Na buɗe ƙofar sabon gidan yayana, sai na ga ruwan tsakar gida bai bi magudana ba. Wuri ɗaya yake taruwa, gindin katanga, yana juyawa a hankali yana shigewa ƙasa. Na tsuguna na kasa kunne. Ina jin zubarsa can ƙasa, nesa, kamar ana tsiyaya ruwa a durom marar komai.

Bari in koma baya, ki yi haƙuri da rubutuna, ban yi nisa a makaranta ba. Yaya yana aiki a wani gari, ni ya bar wa kula da ginin. Ciki an gama, saura waje, filasta da fenti da daɓen tsakar gida. Maginin kuwa kawunmu ne, ƙanin Inna, shi ya riƙe mu bayan rasuwar Baba. A daidai wurin nan akwai rijiyar da aka haƙa don ruwan gini, mai zurfi ce, sai da aka ƙara wa guga igiya. Yaya ya ce a cike ta da ɓaraguzai a zuba kankare. Ranar da za a yi aikin Kawu ya aike ni sayen fenti. Na dawo na tarar an jera intalok, ƙananan bulon nan na daɓe, tsaf da su. Ya ce an gama.

To amma tsibin ɓaraguzan yana nan bayan katanga, har ciyawa ta tsiro a kansa. Katakon da leburori suke takawa wajen filasta ban sake ganinsa ba, haka tsofaffin kwanonin rumfar siminti. In na tura baro ta wurin, ƙarar tayar sai ta canza. Yanzu ga gara ta fito da hanyarta tsakanin bulon, ita kuwa gara ba ta zuwa inda babu itace.

Kawu mutumin kirki ne, amma aikin da hannunsa ya shafe ba a tonawa. Akwai mutumin da Kawu ya daina gaisawa da shi har yau don ya sa an fasa dakalin da Kawu ya gina masa. Na ɗan taɓa masa zancen, ya dube ni ya ce tun ban iya ɗaura wando ba yake rufe rijiyoyi, ya ci gaba da shan shayinsa. Inna kuma hawan jini gare ta, ina tsoron ta ji an ce mun tozarta ƙaninta.

Da na ci gaba da haƙuri, halina ne. Sai dai daidai wurin nan matar Yaya ta zaɓa a kafa lilo, saboda inuwar katanga. Mai walda har ya kawo ƙarafan. Ƙarshen wata za su tare. 'Yarsu, Tsuntsuwa muke ce mata, ba ta san tafiya ba sai tsalle.

Kada ki ce idona ne. Mai fenti ya sauko daga tsani ya saurara tare da ni, ya janye bokitinsa daga wurin. Maƙwabciyarmu mai ɗinki ma ta gani daga benenta.

Ƙanin mai gida.

AMSA

Ɗana, idonka bai yi maka ƙarya ba, kuma wannan ba wurin haƙuri ba ne.

Yau ɗin nan ka jera bulo ka kewaye wurin da ɗan nisa, kada kowa ya taka, har da kai. Ka ce wa mai walda ya dakata. Sannan ka kira yayanka. Gidansa ne, 'yarsa ce. Ka faɗa masa abin da ka gani kamar yadda ka rubuto mini, ruwa da gara da ɓaraguzai, ba tare da ka ɗora wa kowa laifi ba.

Ban ɗauki kawunka mugu ba. Wataƙila ya sha rufe rami da katako bai taɓa jin labarin abin da ya biyo baya ba, kuma dattijo yana jin nauyin yaron da ya girma a hannunsa ya gyara masa aiki. Don haka ku ba shi hanya. Ku same shi kai da yayanka, ba a gaban leburori ba, ku ce ruwan sama ya nuna wurin yana lotsawa, kuna roƙon ya duba da hannunsa. Intalok ɗagawa ake yi, ba fasawa ba, a fara daga gefe. In ya ƙi, a kira wani magini. Ko ya so ko bai so, a cike rijiyar a zuba kankare da rodi kafin kowa ya tare.

Inna kuwa ku gaya mata da kanku, a natse. Za ta fi jure fushin ƙaninta a kan abin da kake tsoro.

Kawu in ya yi fushi, za ka iya zuwa ka durƙusa masa gobe da jibi. Katakon da gara take ci ba zai jira ka ba. Allah ya tsare Tsuntsuwa, ya sa ku tare lafiya.