Sunan Rauda a Bangon Shago

Yelwa, Jalingo

Zuwa ga 'yata Dokta Rauda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ya karatu, ya ruwan Ibadan da aka ce ba ya ɗaukewa? Mu nan jam, lafiya lau. Innarki tana gaishe ki. Na rubuta da hannu na turo miki hoton wasiƙar ne don a waya kina katse ni, a takarda kuwa dole ki bari in kai aya.

Ina taya ki murna, ina kuma ƙara sara wa boko. Ni da na tsaya a aji uku na kama sayar da maganin dabbobi, ban san ilimi ya yi nisa haka ba. Ashe yanzu mutum yana zaune a Ibadan, hannunsa yana yi wa shanu allura a Iware! Allah ya ƙara basira.

Ga yadda na sani. Wakilin kamfanin maganin sammore, cutar nan da ƙudan tsando ke sa wa shanu, mai hoton ɓauna a leda, ya kawo mini kaya, ya haɗo da shafin wata mujallar bincike, an lulluɓe shi da roba yana ƙyalli. Shafin ya ce an gwada maganin a kan shanun Iware daminar bara, ya kuma kori cutar. Sunaye takwas a sama. Farfesa Zainulabideen, shugaban sashenku na jami'ar nan gida inda kike koyarwa, shi ne na farko. Ke ce ta biyar.

Sai na buga ƙusa na rataye shi a bangon shago. Duk makiyayin da ya shigo in nuna masa da yatsa: "Ɗiyarmu ce ta gwada." Njidda, wanda kika ceto masa maruƙa lokacin kina asibitin dabbobi, ko tayi bai yi ba, ya ɗauki na garke guda.

Yanzu shanunsa sun rame, gashi a tsaye, ido yana hawaye. Wasu sai da aka sa musu wuƙa. Ranar kasuwa ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya ƙi shigowa, ya ƙi shayi. Ya ce, "Yuguda, kai ɗan kasuwa ne, ban taɓa bin bakinka ba. Sunan Dokta na bi."

To, me zan gaya masa?

Kawunki,
Yuguda

*

Ibadan

Zuwa ga Kawu,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Inna da mutanen gida.

Kawu, ban taɓa ganin shanun nan ba. Ban ma san da takardar ba sai a wasiƙarka. Na kira Farfesa, ya yi dariya ya ce alheri ya yi mini. Wai ƙarin girma a wurinmu da yawan takardu ake samunsa, don haka duk wanda ya rubuta a sashe yakan sa sunayen 'yan uwa, su ma in sun rubuta su sa nasa. Ya ce godiya ya zata zan yi.

Na bi takardun da suka kafa hujja da su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ta jingina da waccan, waccan ta jingina da wata, mutanen dai su ne, jerin sunayen kawai ke sauyawa. Da na kai tushe, sai na tarar da gwaji ɗaya tilo, tsoho, a wata jiha dabam.

Ban ce maganin jabu ne ba. Mai yiwuwa ƙwayar cutar ta wajenmu ce ta saba da shi. Jini ne kaɗai zai faɗa.

Don Allah ka sauke shafin nan yau. Na rubuta wa editan mujallar ya cire sunana. Na san Farfesa yana cikin kwamitin da zai duba ƙarin girmana, kuma na aika duk da haka. Ka gaya wa Njidda gaskiyar yadda aka yi, ka roƙar mini shi ya bar ni in ɗebi jinin shanunsa idan na zo hutu. Idan makiyaya suka daina yarda da sunana, ban ga amfanin digirin da nake nema ba.

'Yarka,
Rauda

*

Yelwa, Jalingo

'Yata,

Sallama da gaisuwa. Na karanta, na sake karantawa.

Ai wannan adashi ne! Matan kasuwa suna zuba kuɗi, ku kuna zuba suna, kowa da ranar kwasarsa. Bambancin kawai, uwar adashinmu ba ta sa mutum a ciki bai sani ba.

Na sauke shafin. Ƙusar tana nan. Kwalayen ɓauna na tura su ƙarƙashin kanta, wakilin kamfani ya daina amsa gaisuwata, kuma har yanzu ina cin tuwo.

Farfesanki ya zo shago da kansa, mota har bakin kwata. Mutum ne mai fara'a, ba zan ɓoye miki ba. Ya ce, "Alhaji, ka yi wa yarinyar nan magana, ba ta san duniya ba tukuna." Na ce, "Ranka ya daɗe, ai shi ya sa muka kai ta wurinku." Ya ce suna ɗaya cikin takwas, wa zai lura? Na ce wani Bafulatani da ko baƙi bai iya karantawa ba ya lura. Ya duba agogo, ya ce yana da taro.

Amma ki ji ni a matsayin kawu. Mutumin nan ba zai manta ba. Da ni ne, da na yi shiru na karɓi ƙarin girma, in na hau sama sai in yi gyaran. Na san ba za ki ji ba, kan uwarki gare ki. Na faɗa dai don kada gobe a ce babu babba a gidan.

Na je rugar Njidda a babur. Da farko ya ce allurar gidanmu ba za ta sake taɓa dabbarsa ba. Na zauna a tabarmarsa na ƙi tashi, na ce ko kwana ne zan yi, sai dai a shimfiɗa mini. Can ya ce, "In ita ce za ta zo da ƙafarta, ta kama kunnen saniya da hannunta, ta zo. Ban yarda da ɗan aike ba, ban yarda da takarda ba."

Babur nawa ne, kular ajiye jinin da ƙanƙararta ma ni zan kawo. To tunda haka ne, in kin zo rubuta taki takardar, ki ɗan sa ni a ciki mana. Ba na neman gaba. Ko can ƙarshen layi ya ishe ni.

Kawunki,
Yuguda

*

Ibadan

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Na iso lafiya tun tuni, aiki ne ya hana ni rubutu. Har yanzu bayana yana tuna hanyar rugar nan da baburinka.

An gama duba jinin. Ko an ba da maganin daidai ƙa'ida, ƙwayar cutar tana nan da ranta a yawancin shanun. Wani magani dabam da muka koma ba su shi ne ya yi aiki, ka ga ma da idonka sun fara kiwo kafin in taho.

Mujallar ta cire sunana, a wani ɗan layi da sai ka sa tabarau. Kwamiti kuma ya ce in jira zagaye na gaba. Na ji zafi, amma ban yi nadama ba.

Takardata ta samu karɓuwa. Sunaye uku ne: ni, da Caroline da ta yi makonni a kan madubin duba jini, da malamina na nan da ya tsara gwajin tare da ni. Kawu, ka yi haƙuri, ba ka ciki. Kana wurin godiya a ƙarshe, kai da Njidda, har da babur.

Abu ɗaya zai ba ka dariya. Tunda takardar Farfesa nake ƙaryatawa, dole in ambace ta. Na'urar da ke ƙidaya yawan ambaton takardar mutum don ƙarin girma kuwa ba ta tambayar dalili. Nawa ma za ta ƙara masa.

'Yarka,
Rauda

*

Yelwa, Jalingo

'Yata,

Sallama. Wurin godiyar ma na karɓa, tunda an sa ni gaba da babur.

Jiya Njidda ya shigo har ciki, ya sha shayi kofi biyu. Ya kalli ƙusar nan ya ce in rataye taki takardar in ta fito. Sai ya ɗaga yatsa: "Duk waɗanda sunayensu ke sama sun san shanun?" Na ce ɗaya ta kama kunnensu, ɗaya ta ga jininsu, ɗaya ya tsara aikin. Ya ce useko, godiyarsu ta Fulani, ya ce a gaishe ki. Turo shafin, ni zan sa masa roba.

Batun na'urar ne ya tsaya mini. A kasuwa in aka yi ta kiran sunan mutum a kan mugun kaya, rumfa yake sauyawa. Ku kuma kin ce ƙara masa ake yi. To in mutum goma suka biyo bayanki suka ƙaryata shi, wane muƙami za a ba shi?

Kawunki,
Yuguda