Ɗakin da Kowa Ke Gudu

Talata, 8 ga Oktoba 2024

Zakiru yana da rai. Na rubuta ne don in gani da idona.

Laraba, 9 ga Oktoba

Tun azumi ƙanena ya yi shiru daga Aljeriya. Hawa, abokiyar aikina a lekol, makarantar da muke aiki, ita ta sa ni dandalin ƴan ci-rani a salula. An raba shi ɗaki-ɗaki: na Aljeriya daban, na Libiya daban, ga na Tunisiya, ga na Italiya. Kowa ya yi magana a ɗakin ƙasar da yake ko wadda yake hari, in ka saɓa a share saƙonka. Na sa hotonsa a Aljeriya, shiru. Aka ce in gwada Libiya. Can kuwa sai labarin teku, har na daina barci.

Shekaranjiya Rhissa, mai kula da dandalin, ya gaji da ganina ko'ina, ya ce in leƙa ɗakin Nijar. Na ce wa ke neman ɗan ci-rani a gida? Ashe can waɗanda aka koro suke taruwa, shi ya sa masu shirin tafiya ko leƙe ba sa yi. Hoton bai yini ba wani ya ce ga shi nan Arlit, yana ɗiban ruwa a gidan abinci.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Mun yi magana. Muryarsa ta tsufa. Tun farkon damina aka zube su bakin iyaka, suka tako da ƙafa. Na yi niyyar wanke shi tas, sai kuka ya ƙwace mini.

"Yaya, kada ki gaya ma Inna koro ni aka yi. Da wane ido zan shigo Dakoro hannu rabbana?"

Wawa. Kunya ta hana shi kira, mu muna nan saura kaɗan mu yi masa sadaka.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Na gaya wa Inna duk da haka. Tana sussukar hatsi, ba ta ma ajiye taɓarya ba. Can ta ce, "Yana da takalmi?"

Litinin, 14 ga Oktoba

Wai zai taho bayan girbi. Na san Zakiru. Ban sa a ka ba.

Asabar, 19 ga Oktoba

Na fita daga ɗakunan Libiya da Italiya, na yi barci har rana. Na share ɗakinsa, na shanya tabarma. Ba don shi ba, saƙar gizo-gizo ce ta yi yawa.

Kwanan nan ta tasha nake bi in za ni lekol. Hanyar ta fi nisa, amma ta fi inuwa.