Muryar Auta a Bakin Yaya

Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da iyali. Gaisuwar ke nan, ba ni da ƙarfin tsawaita ta.

Na ga kiranka, ban ɗauka ba, kuma ba zan ɗauka ba. Muryarka da ta Auta ɗaya ce tun kuna yara, ko Mama ba ta rarrabe ku ta bayan ƙofa. In na ji ka a waya sai in zaci shi ne ya farka. Shi ya sa na ba direba wannan takarda.

Tun da ka koma bakin aikinka babu abin da ya sauya. Yana nan a asibiti, a ɗakin kulawa ta musamman, na'ura ke yi masa numfashi. Wurin da suka cire ƙashin kai saboda kumburin ƙwaƙwalwa har yanzu a naɗe yake. Mutum ɗaya ake bari ya shiga, shi ma sai ya wanke hannu, ya sa riga da takunkumi. In na shiga sai in shafa masa mai a leɓe, in miƙe masa yatsu kada su ƙage. Hannun nan da ke ɗaga firji shi kaɗai, yanzu ni ke ɗaga shi in ajiye. Nas ta ce a riƙa yi masa hira da muryar da ya saba ji. Na ba shi labarin kowa, har na mai shagon da ya je yi wa gyara tsani ya zame da shi. Sai ta tambaye ni ina mahaifiyarsa. Me zan ce mata?

Ranar da ya faɗo ka ce a ɗan ɓoye wa Mama saboda hawan jininta, na yarda. Ban sani ba ashe ka tafi da wayarsa ne don ka riƙa kiranta kowace safiya a matsayinsa, kana tambayarta ko ta sha magani. Jiya ta ce min, "Ƙaninki ya kira, yana gaishe ki." Ina tsaye a baranda, ina hango ƙafarsa ta gilashi. Haba Yaya! Ka daina wasan nan, ka je ka ɗauko ta.

Ƙanwarka.

*

Zuwa ga ƙanwata Barkono,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi miki sannu da jinya. Allah ya saka miki, ya ba mai jiki lafiya.

Takardarki ta iso, kuma na ga har yanzu sunan da Baba ya sa miki bai tashi a banza ba, sai da na nemi ruwa bayan na karanta. To amma ki saurare ni. Ke ba ki nan ranar da aka gaya wa Mama rasuwar Baba. Ni na ɗauke ta daga ƙasa, bakinta a karkace. Likitanta ya ja min kunne cewa wani bugun irin wannan ba lallai ta tashi ba. Auta ya saba kiranta kowace safiya. In ta ji shiru kwana ɗaya za ta hau mota, ta zo ta tarar da shi da bututu a baki, mu koma jinyar mutum biyu, ko mu yi jinya da zaman makoki a tare.

Kada ki zaci daɗi nake ji. Kafin in kira sai na shiga mota na rufe gilashi, in kwaikwayi dariyarsa. Da zarar ya buɗe ido, da kaina zan kawo ta. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ki yi haƙuri, ki kama bakinki.

Ki gaida maigidanki da yara. Na bar ki lafiya.

Yayanki.

*

Yaya,

Ina gaisuwa, don an koya min gaida na gaba.

Rimi ko? To sauko ka ji abin da ka hango mana.

Yau ina shirin shiga wajensa Mama ta kira. Ta ce firjin da take ajiye allurar sukarinta ya mutu tun makon jiya. Ta ce kullum Auta sai ya ce mata gobe, gobe, ƙarshe ya turo mata wani baƙon mai gyara. "Ni da na haifi mai gyaran firji," in ji ta, "yau bare ke shigar min ɗaki da akwatin aiki." Ta ce da ta matsa masa ya zo, sai ya ɗaga mata murya, ya ce aiki ya yi masa yawa, ta bar shi ya sarara. Auta! Yaron da in fitilar banɗakinta ta mutu yake rufe shago ya tafi.

Ka san abin da ta ce masa, tunda kai ka ji. Ni kuma sai da ta maimaita min: tunda aiki ya fi ta, kada ya sake taka ƙofarta, ta cire shi daga bakinta. Ta ce ko sunansa kada in ƙara ambata mata.

Na kashe waya na shiga. An yi masa huji a wuya jiya, an mayar da bututun can. Zazzaɓi ya kama shi, suna ta sa masa ƙanƙara a hammata. Likita ya matsa masa farce, ko gezau. Ya ja ni gefe ya ce in akwai wanda ya kamata ya gan shi, kada a jinkirta. Na tsaya ina kallon yaron nan da rabin kai a aske, uwarsa tana fushi da shi a kan maganar da bai faɗa ba. Lokacin da ya fi bukatar addu'arta, ka sa ta rufe baki. Wallahi ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda nake jin naka ba.

Garin neman gira ka tsone ido, Yaya. In ya tafi a haka, me za ka ce mata? Ba shawararka nake nema ba. Maigidana ya riga ya kama hanya da maganin hawan jininta a aljihu, zai zaunar da ita ya gaya mata komai, ya taho da ita. Ka ba direba wayar Auta ya kawo min.

Ƙanwarka.

*

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa, ga waya nan na bayar.

Ban yi niyyar ɗaga mata murya ba. Ta yi ta cewa in zo, in zo, na rasa ƙaryar da ta rage, sai bakina ya kufce. Da ta yi waccan magana na so in ce ni ne, harshena ya ƙi. "To Mama" kawai na iya cewa.

Don Allah ki sanar da ni halin da ta iso. Ki tambaye ta ko in zo. Zan jira amsa.

Yayanki.

*

Babba,

Ina amsa gaisuwarka. Na iso, ban faɗi ba, bakina ma bai karkace ba. Ashe na fi ƙarfin da kuka auna min.

Na ga ɗana. Sun sa min rigarsu, na riƙe hannunsa, na gaya masa a kunne cewa bai yi min komai ba, ni ce aka yaudara. Na sa masa albarka har nas ta taɓa kafaɗata. Sun ce ba su san ko yana ji ba. Ina nan bakin ƙofar, ba inda za ni.

Ƙanwarka ta ce kana tambaya ko ka zo. Maganar da na yi ranar nan ta riga ta fita, kuma Auta bai ji ta ba. Kai ka ji, kai ka amsa da to. Sai ka riƙe ta a wajenka har ranar da ɗan'uwanka zai buɗe ido. In ya buɗe, shi zan tambaya.

Ka gaida yara.

Mahaifiyarka.