Auduga a Kunnen Direba

Jama'a, a gyara zama. Yau filinmu zai yanke hukunci a kan kunnuwa biyu. Ga wasiƙar da ta iso mana:

Malam, ka taimake ni, asirina na gab da tonuwa. Ni direba ne a Jidda. Kafilina, wato ubangidan da nake zama a ƙarƙashinsa, Ammu Abdulghani, ya yi karatu a Italiya yana saurayi, ya dawo da wata cuta wai ita opera. Ƙarti ne masu tumbi suke kurma ihu kamar ƙofa ta datse musu yatsa, shi kuwa yana lumshe ido. Daga gida har Bab Makka kaset ba ya hutawa. Sai na koma cusa auduga a kunne, in ja gutra, mayafin kaina, in rufe. Tsohon ya ga ina shiru ina gyaɗa kai, ya ɗauka daɗi ne ya ratsa ni, har alfahari yake yi da ni. Suna da tsohuwar gardama da amininsa Hamad kan wasu mawaƙa biyu, wa ya fi murya, ya ce ranar Alhamis ni zan raba musu. Wallahi ban san ko ɗaya ba. Iƙamata, takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa, sa hannunsa nake jira, ga iyali a Maraɗi. In ce ba ni da lafiya ne?

Direba, Madain Fahd

Malam Direba, kana tuƙi a Jidda ba ka jin hon, amma iƙama ce ta dame ka? Cire audugar tukuna.

Ban ga laifinka ba da ka raina waƙar. Na karanta labaranta: yawanci mutum ake soka wa wuƙa, maimakon ya mutu sai ya tsaya yana rerawa. Amma tsohon bai cuce ka ba. Abin da ya fi ƙauna ya ba ka, ka toshe.

Kada ka yi ciwon ƙarya, wata Alhamis za su jira ka. Ari kaset ɗin mawaƙan biyu, ka saurara yadda kake bambance ladanin unguwarku da na maƙwabta. Wa numfashinsa ke kaiwa ƙarshe? Wa ke hawa sama bai shaƙe ba, ya sassauta kuma a ji shi? Ihu kowa ya iya, leƙa kasuwar kifi. Faɗi abin da ka ji ko ya saɓa wa kafilinka, irin waɗannan tsofaffi gardamar suke so, shi ke nan. Zancen auduga kuwa bar shi a cikinka. Allah ya sa a sabunta maka.

Ni ma na ari kaset ɗaya don in sami abin zagi. Da mutumin ya sauko da murya ƙasa-ƙasa, shayina hucewa ya yi a hannu. Na yi kuskure, ba duka ne ihu ba.