Karen Bhekani da Dutsen Kabarin Babanku

Mpophomeni,
9 ga Fabrairu, 1999.

Zuwa ga 'yata Nokulunga,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan ke da mijinki da yara kuna lafiya, kuma aikin asibiti bai gajiyar da ke ba. Ni ma lafiya, sai dai gwiwa. Maƙwabciyata MaZondi ce ke rubuta mini, na ce ta sa magana yadda ta fito daga bakina.

Ƙaninki Bhekani ya kawo mana kare gida. Ba irin namu da ake jefa wa ƙanzon tuwo ba. Wannan tsayinsa ya kai ƙuguna, sunansa Ingwe, abincinsa a buhu yake zuwa, kuma ya fi buhun garinmu tsada. In ya dube ni sai in shige ɗaki.

Karen bai ishe shi ba, sai da ya shiga ƙungiyar masu horar da karnuka a wani fili bayan Howick. Ya biya kuɗin shiga, na ce to an gama. Ashe duk wata uku sai an sake biya. Akwai wani ƙato da ke sa hannun riga mai kauri don kare ya cije shi, shi ma biyansa ake yi. Na ce Bhekani, tun da nake ban taɓa jin inda ake biya don kare ya yi cizo ba, a unguwar nan kyauta suke yi. Wai wasa ne, ba zan gane ba.

Abin da na gane shi ne gwangwanin kuɗin dutsen babanku ya yi sauƙi. Ya ce aro ya yi. Shekara huɗu ke nan da rasuwar mutumin nan, kabarinsa ba dutse, kuma na yi wa danginsa alkawari za a kafa dutsen a yi bikin buɗe shi a Disamba. Sau biyu yana zuwa mini a mafarki, yana tsaye cikin ruwan sama ba hula. Bai ce komai ba, amma kin san babanku, shirunsa ya fi faɗansa.

Ke ce babba, ke kaɗai Bhekani yake jin tsoro. Ki rubuto masa ya fita daga ƙungiyar nan.

Ki gaida yara.
Ni ce mahaifiyarki,
MaHlongwa.

Mpophomeni,
20 ga Afrilu, 1999.

'Yata Nokulunga,

Ina gaishe ki da sunan Ubangiji, da fatan duk kuna lafiya. Yau Mfundisi, limaminmu, shi ne da kansa ke rubuta mini a coci, saboda haka akwai kalmomin da zan haɗiye. Na bar MaZondi, don na ba ta labarin da zan ba ki yanzu ta yi dariya har ta yar da biro.

Ba ki ba ni amsa ba. To ga abin da shirunki ya jawo.

Ranar Talata na ɗauki tsohon buhun algarara na rataya a hannu zan je ciro kabewa. Ba wanda ya gaya mini cewa da irin buhun nan ake naɗe hannun rigar da suke cizo. Bhekani ya tafi shago bai rufe kejin karen da kyau ba. Kafin in kai bakin gona sai na ji an fizge ni. Ingwe ya cafke buhun, na sake masa, na ruga na jingina da bangon ban-ɗaki. Ya yar da buhun ya zo ya zauna a gabana yana haushi, numfashinsa a kan zanena. In na motsa ya ƙara. Na kira Yesu, na kira babanku, na kira uwata da ta rasu kafin a haife ki. Na ce masa tafi, na ce masa don Allah. Ashe da Jamusanci aka koya masa magana.

Da Bhekani ya dawo, kalma ɗaya ya faɗa karen ya kwanta. Kin san abin da ɗan da na haifa ya fara dubawa? Haƙoran karen. Sannan ya ɗaga buhun yana nuna mini, wai in duba yadda ya kama da cikakken baki, wai kuma bai taɓa ni ba ko da haƙori ɗaya, haka alƙalan wasan nasu suke so. Na ce to ka kai shi wurin alƙalan ya tsare su a bayan ban-ɗaki.

Akuyoyi biyun da na ware don ranar dutse, ɗaya ta tafi. Ta zama kuɗin jarrabawar kare da man mota zuwa Durban. Karen ma bai ci jarrabawar ba. Gonata kuma an hana ni shiga da safe, wai warin ƙafata na ɓata wa karen bin sawun da ake koya masa a can. Gonar da na shekara talatin ina nomawa.

Kawunku na wajen babanku ya aiko yana tambaya ko Disamba tana nan. Na ce tana nan. Mfundisi ya ɗago ya dube ni, amma ya rubuta.

Ki zo, ko ki rubuto.
Mahaifiyarki,
MaHlongwa.

Mpophomeni,
12 ga Oktoba, 1999.

'Yata,

Ina fatan kuna lafiya, kuma tarin ƙaraminku ya tafi. Mun shirya da MaZondi, ita ke rubutu. Ta karanta mini takardarki, inda kika ce kin gaji, za ki zo ƙarshen wata ki sayar da karen ki fitar da Bhekani daga ƙungiya.

Kada ki zo tukuna.

Wata takwas ina roƙonki, sai yanzu kika tashi. Ki saurara. A watan Yuni na gaji da jiranki, na ce da bakina zan gaya wa shugaban ƙungiyar abin da ya yi wa gidana. Na sa Bhekani ya tafi da ni ranar Asabar. Na soya amagwinya, fanken nan namu, na sa a bokiti don kada yunwa ta kama ni a hanya. Da muka isa na ga karnuka sun fi talatin, duk suna haushi. Ƙafata ta ƙi sauka. Na zauna a bayan mota da bokitina, ga sanyi, ga tsoro.

Sai ga ƙaton nan da ake cizo ya zo, gumi na zubo masa. Ya kira ni Gogo, wato kaka, ya ce mene ne ke ƙamshi? Na miƙa masa ɗaya don ya tafi. Ya cinye, ya ajiye mini kuɗi, ya kira sauran. Mutanen nan tun asuba suke fili, ba shago kusa, kuma wanda zai saya wa kare abinci mai tsada haka ba ya tambayar kuɗin amagwinya. Kafin shugaban ya iso bokiti ya kusa ƙarewa. Na manta faɗan da na zo yi. Shi ma ya ci biyu, ya ce in riƙa zuwa da shayi.

Tun daga ranar duk Asabar ina can. Ba na sauka. A bayan mota nake zama, na sa Bhekani ya kewaye ni da tsohuwar ƙofar kejin kaji, ta saman nake miƙa kaya. Suna ce mini Gogon keji. Su faɗa. Har yau in wani ya wuce da karensa sai na rufe ido.

Mai sassaƙa ya fara rubuta sunan babanku a dutsen. Saura kaɗan in gama biyansa, sai akuya.

Ga inda matsalar take. Dokarsu ita ce ba mai sayar da komai a cikin shingen filin sai iyalin ɗan ƙungiya. A farkon watan nan Bhekani ya zo yana sosa ƙeya, wai Ingwe ya karya haƙori, likitan dabbobi ya kwashe abin da ke hannunsa, ba zai iya biyan kuɗin wata ukun nan ba, zai haƙura ya fita. Abin da na kwana ina roƙon Allah ke nan tun Fabrairu. Na dube shi. Na tashi na ɗauko gwangwanin, na ƙirga na ba shi. Na ce in ka fita kafin Disamba, ni da kai ne.

MaZondi ta sake fara dariya. Na ce ta rubuta kawai.

Saboda haka ki bar faɗan nan a cikinki. Ki zo ranar sha takwas ga Disamba da yara da farar riga, a cire wa dutsen mayafi, a ci nama, kawunku ya koma gida bakinsa a rufe. Washegari ki kama ƙaninki ki yi masa duk faɗan da kika tara, ni ma zan ƙara nawa.

Kada ki taho da komai a buhun algarara.

Ni ce mahaifiyarki,
MaHlongwa.