Na tsara wa Baba littafin da ba ya iya karantawa

Malama, ki taimake ni da shawara, don abin nan ya tsaya mini a rai.

Aikina tsara shafuka ne a wata maɗaba'a, shekara goma sha biyu ke nan. Mahaifina tsohon malamin makaranta ne, ya kusa tamanin. Shekara huɗu ya yi yana rubuta tarihin koyarwarsa da hannu, ya ba ni ya ce in mayar masa da shi littafi. Na zage damtse. Na zaɓi wasu haruffa sirara ƙanana, na bar fili mai faɗi a gefen kowane shafi, tawadar ma na sa ta ɗan yi toka-toka don kada ta yi nauyi a ido. Abokan aikina har hotonsa suka ɗauka.

Gaskiya da na kai masa shafukan gwaji, ya gyara tabarau, ya kai takardar bakin taga, ya tambaye ni ko za a ɗan ƙara girman rubutun. Na yi dariya na ce ya bar mini, wannan fagena ne. Bai sake magana ba. Da littafin ya fito ya sa mini albarka, ya raba wa tsofaffin abokansa.

Makon jiya yayata ta gaya mini ita take karanta masa in ta je, don ba ya ganin rubutun. Abokansa ma haka. Kuma ya roƙe ta kada ta faɗa mini, wai kada ya kashe mini gwiwa. Kunya ta kama ni, wallahi. In na yi magana na tona yayata, in na yi shiru kuma raina ba zai kwanta ba. Wani lokacin ma sai in ji zuciyata tana cewa ai aikin ya yi kyau. Ya zan yi?

Mai Tsara Shafi

Ɗana, ba na musun aikin ya yi kyau, kuma da niyyar girmama shi ka yi. Amma abokan aikinka ka burge, su da idonsu garau. Baba ya gaya maka abin da yake bukata, ka amsa masa kamar mai kawo aiki da bai san kan sana'a ba, alhali shi ne mai karatun. Shi ma shirun da ya yi bai taimaka ba, sai dai shiru ne na uba, ba a ganin laifinsa.

Ba sai ka ambaci yayarka ba. Ka ce masa ka tuna maganarsa, ka gane shi ne da gaskiya. Wannan ba ƙarya ba ce.

Sai ka buga shafi ɗaya da girma uku daban-daban, haruffa masu kauri, tawada baƙa wuluk, da tazara tsakanin layuka. Ka rage filin gefen nan, ko littafin zai ƙara kauri ba komai. Ka kai masa inda ya saba zama, ka rufe bakinka, ya zaɓa da kansa.

Kada ka jira sai an sake buga duka. Idon tsoho raguwa yake yi kullum. Ko kwafi ɗaya ne, ka kai masa a makon nan, ya karanta rayuwarsa ba tare da ya jira kowa ba. Allah ya ƙara masa lafiya, ya bar ku tare.