Kada Ki Fita da Motar Yau

Marijke,

Ki hau bas zuwa wurin aiki. Ruwa ake yi, ni kuwa na zare ƙarafan da ke cikin waifar goge gilashin motarki.

Jiya mai shago ya faɗa mini kuɗin ƙarfen sifirin na ɗan jirgin ƙasan wasan da nake ƙerawa. Na ce, "Malam, ba zinariya na tambaya ba." Sai maƙwabcinmu Wietse ya ce na cikin waifa ma yana yi. Ashe tsohuwar waifa yake nufi, ban tsaya jin ƙarshen maganar ba.

Duka na karya su wajen lanƙwasawa.

Na tafi a keke in sayo sabuwa, wadda ta fi ƙarfen tsada. Ajiye dariyar sai na dawo a jiƙe.

Babban injiniyanki,
Sjoerd